Jawo jirgin ruwa mai faɗi daga Legas zuwa Daura da Hilux, zai yiwu kuwa?

Ɗan Kusugu:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah direbobi da masu sanin hanyar kudu shawara nake nema, abin ya tsaya min a rai kwana biyu ko barci ba na yi sosai.

Na yi shekara bakwai a Legas ina aiki da wani maigida a bakin ruwa, to yana da wani jirgin ruwa irin wanda ba ya shan mai, iska ce ke tura shi, akwai dogon sanda a tsakiya da ake ɗaura masa wani babban ƙyalle mai kauri. Ni nake wanke shi ni nake shirya shi, a hankali har na iya tuƙa shi ni kaɗai. Yanzu maigidan zai bar ƙasar ya ce in ina so in ba da abin da ya sauƙaƙa in ɗauka har da ƴar tirelar da ake ɗora shi a kai, kuma na riga na biya. Burina in kawo shi gida in sa shi a dam ɗin Daberam ko Sabke, saboda tun da aka cire tallafin mai a 2023 duk mai jirgin inji kuka yake, wannan kuwa ko kwalba ɗaya ba ya nema, ga yaranmu ba su taɓa ganin irinsa ba sai a waya.

Ga inda matsalar take. Jirgin ba irin kwale-kwalenmu ba ne, kamar an jera kwale-kwale biyu sirara ne na fiba aka haɗa su da ƙarafa biyu a gicciye, tsakiyar kuma aka ɗaure wata raga mai ƙarfi da ake zama a kai. Na auna da tef, tsawonsa mita 6 da rabi, faɗinsa mita 3.3, sandan kuma mita 9. Nauyi ba shi da shi can can, maigidan ya ce da shi da tirelar ba za su wuce kilo 800 ba. Tirelar taya biyu ce ƙanana, ba ta da birki, kuma tun da nake wurin ban ga ta yi tafiyar da ta wuce daga gareji zuwa bakin ruwa ba.

Yayana yana da Hilux ya ce in dai zan sa mai zai zo mu jawo shi. Ni kuma faɗin nan ne ke ba ni tsoro. Akwai wanda ya taɓa jawo abu mai faɗi haka a hanyar nan? Wace hanya ta fi, ta Jebba ko ta Lokoja? Kuma wace takarda zan riƙe? Na gode Allah ya bar zumunci.

Tsohon Direba KT:

Wa alaikumus salam ɗana. Shekara 26 na yi ina hanyar Legas da tirela kafin guiwa ta zaunar da ni, don haka abin da zan gaya maka ba labari aka ba ni ba. Kada ka jawo abin ga a haɗe yadda yake. Ban ce ba za ka iso ba, mai yiwuwa ka iso, amma haƙƙin ran yayanka da na mutanen da ke bisa hanya shina wuyanka.

Bari in yi maka lissahi kai da kanka ka duba. Kwantena da kake gani bisa tirela faɗinta ƙafa 8 ne, wato mita 2.44, ita tirelar kanta mita 2 da rabi ce ko da ɗan ɗori. Naka mita 3.3, kusan ƙafa 11 ke nan, ka hi tirelar siminti faɗi nesa ba kusa ba. Kwaltar babbar hanya mai hannu ɗaya mita 7.3 ake yinta, kowa ya samu 3.65, in ka cire 3.3 saura mi? Santimita 35, ita ma in bakin kwaltar bai cinye ba, kuma ka san ya cinye. Sannan Hilux faɗinta bai kai mita 2 ba, ke nan jirginka zai hito ta kowane gehe da wajen santimita 70. Wanda ke zuwa ta gabanka Hilux yake gani, da faɗin Hilux zai auna ya wuce, bai san akwai wani abu da ya leƙo bayanta ba sai ya zo daf. Mai babur kuwa da ke bin gehen dama ba ka ma ganinshi a madubi don jirgin ya rufe maka.

Na taɓa ɗauko wani tankin ƙarhe da ya ɗan hi bodina faɗi, bai kai naka ba ma, wajen Tegina da yamma wata motar itace ta goge mu, ƙarhen da ya ɓalle ya samu yaron motata a cinya, har yau da ɗingishi yake tahiya. Duk sanda na ganshi sai raina ya ɓaci don ni na yarda aka yi lodin.

Maganar hanya kuma, kowacce da nata. In ka bi Ibadan, tsakanin Oyo da Ogbomosho nan ne tireloli da tankoki ke cushewa, hanya ta matse, wani lokacin a kwana a wurin. Ka wuce Ilori ka haye gadar Jebba, daga nan zuwa Mokwa in damina ce sai addu'a, ka tuna 2017 da ruwa ya cinye gadar Tatabu aka yi kwanaki babu wucewa. Daga Mokwa a da muna miƙewa Tegina, Birnin Gwari mu hito Kaduna, yanzu ba zan ce wa ɗan kowa ya bi nan ba saboda tsaro, balle da kayan da ba ka iya gudu da su ba ka iya juyawa. Sai dai Bida, Lambata, Suleja, ita ma ramu. Ta Lokoja ta hi nisa ga tsaunukan Okene ga kwanoni. Kowacce ka bi dai sai ka biyo Tafa da Mararrabar Jos inda ake ajiye manyan motoci dama da hagu, kuma duk inda ake aikin hanya aka maida mutane hannu ɗaya aka jera kankare, to wurin an yi shi ne daidai da tirela, ba daidai da kai ba.

Kuma a littafin dokokin hanya na FRSC, wato hukumar kiyaye haɗurra, motar da ke janye da wata 45 aka ba ta, tirela 60 a babbar hanya mai hannu biyu. Legas zuwa Daura ta haura kilomita 1,100. A 45 awa 24 ke nan cur kana bisa sitiyari ban da cunkoso ban da sallah ban da cin abinci, kuma dare ba naka ba ne, ka ga kwana uku zuwa huɗu. Kowane dare sai ka nemi inda za ka ajiye abu mai faɗin ƙafa 11 wanda kowa zai zo kallo.

Tunda ka ce ƙarafa biyu suka haɗa shi, ai da noti aka ɗaure su ko? Kwance shi. Kwale-kwale biyu daban, ƙarafa daban, sanda daban, ka samu babbar mota mai dawowa Arewa ka loda. Tirela mai ƙafa 40 mita 12 ce, sandanka mai mita 9 zai kwanta ciki ba tare da ya leƙo ba. Wanga shi ne abin da zan gaya ma ɗan cikina.

Ɗan Mai'aduwa:

Gaskiyar Baba ce. Kuma mota ba za ta yi maka wahala ba, duk Lahadi ana lodin shanu daga kasuwarmu zuwa kudu, suna saukewa su nemi kayan dawowa. Ka je Agege ko Mile 12 ka tambayi ƴan kamasho motar Daura ko Mai'aduwa, a bakin ƙofa za a sauke maka.

Injiniya Sabon Layi:

Salam. Ɗan'uwa ni bakanike ne kuma ina walda, na yarda da Baba a kan kwancewa ɗari bisa ɗari, amma maganar motar shanu ban goyi baya ba, Ɗan Mai'aduwa ka yi haƙuri. Bodin motar shanu duk ƙarafa ne da katako da ƙusoshi a ciki, ga ƙarafan sama da suka gitta, dole ta baya za a zura kwale-kwale mai mita 6 da rabi, sannan direba ba zai dawo da abinka shi kaɗai ba sai ya ƙara lodi, buhuna ko jarkoki ko tayil, a hanya su zame su danne shi. Fiba ba ta lanƙwasa kamar ƙarfe, tsagewa take, wani lokacin ma tsagar ba za ka ganta ba sai ka sa a ruwa ka ga yana sha. Ka nemi fulat bodi, ko a ƙalla ka yi ciniki a kan cewa gefe ɗaya naka ne kai kaɗai, kuma kai ko wani naka ya hau motar.

Yadda za ka shimfiɗa: tsofaffin tayoyi a ƙasa, tsohuwar katifa ko soso a kai, kowane kwale-kwale ya samu wurin zama aƙalla uku. Da bel mai faɗi za ka ɗaure irin na masu ɗaukar kwantena ko siminti, banda sarƙa banda waya, kuma duk inda bel ya taɓa jiki ka sa tsumma ko kwali. Kar yaron mota ya matse shi da ƙarfin da yake matse buhu, sai ya lotsa. Sandan nan alminiyon ne, in ka tallafe shi baki da baki kawai ka bar tsakiya tana lilo, gargadar hanya za ta lanƙwasa shi kuma ba ka da inda za ka samu wani a Arewa kaf, ka tallafe shi wuri huɗu.

Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto da bidiyo ta kowane ɓangare, ka sa lamba da fenti ko alƙalamin maka a kowane ƙarfe, wannan hagu gaba wannan dama baya. Notika ka zuba a leda daban daban ka rubuta. Abin da ya zauna a ruwan gishiri shekaru, noti na silba da ya shiga cikin alminiyon kamawa yake yi kamar an yi masa walda, ka fara fesa masa man kwance tsatsa kwana biyu kafin ranar, kar ka sa dogon bututu a sifana ka taka, zai karye a ciki ka shiga wani aikin.

To in kuma ka nace sai Hilux, akwai tsaka-tsaki, ka kwance shi ka jera kwale-kwalen biyu kusa da juna a kan tirelarsa, a yi maka ƴar walda a matso da mazaunin, faɗin ya dawo ƙasa da mita 2 da rabi. Amma ita tirelar ce abin tsoro a wurina. Boris ɗin da ke shiga ruwan gishiri yana fita, ina tabbatar maka giris ɗin ciki ya zama laka, ba zai kai ka Ibadan ba zai ɗau zafi ya kama ko tayar ta fice ta wuce ku. A canza boris duka biyu da sil, ka riƙe wasu biyu a mota da gwangwanin giris. Tayoyin ka duba gefensu akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, misali 2318 yana nufin mako na 23 a 2018 aka yi ta, ƴan FRSC shekara huɗu suke lissafa wa taya ko da zanenta bai cinye ba. Kuma ƙananan tayoyin nan ba kowane mai faci ke da su ba a hanya, safaya biyu za ka riƙe ba ɗaya ba. Sifirin da shasi a ƙwanƙwasa da guduma, tsatsar gishiri ta ciki take ci. Tirela marar birki kilo 750 ne iyakarta a takardar Hilux, kai ka ce 800, ka ga ka riga ka ɗan haura, sai ka kwashe duk abin da zai kwasu ka mayar bayan mota. Nauyin da ke danna ƙugiya ya zama wajen kashi 10 cikin ɗari na duka, in baya ya fi nauyi tirela za ta fara kaɗa wutsiya, in ta fara kar a taka birki da ƙarfi kar a yi kokawa da sitiyari, a ɗaga ƙafa daga totur kawai har ta nutsu. Sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin ƙugiyar, fitilun baya da sigina su yi aiki, jan ƙyalle a ƙarshen sanda. Kilomita 20 na farko ku tsaya ka taɓa tsakiyar tayar da bayan hannu, ɗumi ba komai, in ba ka iya barin hannunka a kai to akwai magana.

Ka haɗa kuɗin wannan gyaran da man zuwa da dawowa na Hilux da kwana huɗu a hanya ka gwada da kuɗin lodi, ni dai na san wanda zan zaɓa.

Ɗan Kusugu:

Baba na gode Allah ya ƙara girma da lafiya, Allah ya ba yaron nan lafiya shi ma. Wallahi lissafin santimita 35 ɗin nan ya sa jikina ya yi sanyi, ni nauyi kawai nake ta kallo. Injiniya na je na duba yau da safe, noti takwas ne manya suka riƙe ƙarafan, biyu sun yi fari fat da gishiri kamar yadda ka ce, na sayo man na fesa. Tayar kuma 2016 na gani a jiki.

Amma akwai wani da muke aiki tare a nan ya ce a waje karkata irin wannan jirgin suke yi a kan tirela, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, sai faɗin ya ragu ba sai an kwance ba. Shi fa? Ina tsoron kwancewar ne saboda ban taɓa haɗa shi tun daga farko ba, kullum a haɗe na same shi. Sannan har yanzu ba a ce min komai kan takardu ba.

Injiniya Sabon Layi:

Eh ana yi, amma tirelar da aka ƙera don haka ce mai ƙarfen ɗagawa. Abin da ka rage a faɗi tsawo ya koma, ka ɗaga fiba mai sauƙin nauyi sama kamar allo, duk tirelar da ta wuce ku da gudu iskarta sai ta hankaɗe shi, ga wayoyin wuta da suka sauko a cikin garuruwa. Noti takwas ba abin tsoro ba ne ɗan'uwa, ka roƙi maigidan kafin ya tafi ku kwance tare ku sake haɗawa sau ɗaya a gabansa kana ɗauka a waya. In ka iso ka yi min magana in zo Daura da sifanuna mu haɗa, Katsina zuwa Daura ai ba nisa.

Maman Walid:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san komai a mota ba, amma ƙanena tunda na ji ka ambaci yara dole in yi magana. Ban manta da hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Bagwai ta jihar Kano ba a 2021, ƴan Islamiyya ne akasarinsu, na yi kwanaki ina kuka kamar nawa ne. Don girman Allah tun kana Legas ka sayo rigunan ruwa, manya da na yara, ka sa su cikin lodin nan, a can sun fi samuwa. Ranar sallah in yara suka ga abin nan za su yi maka caa, iyaye su roƙe ka a ƙara ɗaya a ƙara ɗaya, in mutum huɗu yake ɗauka to huɗu, ko ɗan waye. Kuma ka fara zuwa wurin Sarkin Ruwa da mai gari kafin ka sauke shi, masunta suna da komarsu a ciki, su suka san inda kututture yake da inda ke da zurfi. Allah ya sa albarka, ina so in ga ranar da zan kawo nawa su hau.

Tsohon Direba KT:

Hajiya ta faɗi gaskiya Allah shi biya ki.

Takardu kuma ɗana, abu na farko takardar ciniki, maigidanka ya sa hannu da shaidu biyu, a rubuta lambar da ke jikin jirgin da launinshi da tsawonshi, da kwafin katin shaidarshi. Tunda kayan waje ne ka tambaye shi takardar kwastan ta lokacin da aka shigo da shi, yanzu da yake nan, in ya hau jirgi ya tahi ba ka da wanda za ka tambaya, kuma kai arewa ka nufa kusa da iyaka inda aka hi duba irin wannan. Direban da zai ɗauka ya rubuta shi cikin takardar lodinshi. Rajistar jirgin ruwa kuma aikin NIWA ne, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, hedkwatarsu na Lokoja kuma suna da ofis a Legas, ka je da ƙafarka ka tambaya. Kowace takarda ka yi kwahi uku, na asali ya zauna a jikinka.

Ka sa a yi lodin da rana kana tsaye. Ka bi motar, in kun tsaya Mokwa ko Tafa ka hau ka taɓa kowane bel, sabon bel saki yake yi. Daga Kano ku bi Dambatta, Kazaure, ku shigo Daura da sauran rana don a samu masu saukewa, mutum shida sun ɗauki kwale-kwale guda. Ita ƴar tirelar kada ka bar ta a Legas, a cire tayoyin a ɗora ta bisa lodin, za ta yi maka amfani daga gida zuwa bakin dam.

Abu guda da nake so ka riƙe, ranar da za ku tada sandan nan ku ɗaga kai ku duba sama tukuna. Mita 9 na alminiyon in ya taɓa wayar wuta duk wanda ke riƙe da shi ya tahi. Kuma kada ku shiga da Hilux bakin ruwa, dam ɗinmu ba su da gangaren siminti irin na Legas, laka ce, ku tsaya nesa ku tura da hannu.

Yaushe kake son tasowa? In ka bari ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba, hanya ta bushe, dam na cike, iskar hunturu ta fara. Akwai yaron da na koya ma mota shina jan fulat yanzu, ka turo min saƙo ta ciki in tambaye shi ranar da zai sauka Legas.

Ɗan Kusugu:

To Baba na tura. Maigidan ƙarshen wata zai tafi, mun yi da shi ranar Asabar za mu kwance mu haɗa, takardar kwastan ɗin ma ya ce tana cikin fayil zai nemo. Yaya Hajiya riguna takwas zan saya in sha Allah, huɗu na yara. Injiniya notikan nan biyu har yanzu ba su motsa ba, in ƙara fesawa in jira ko in ɗan gasa su da wuta?